Yadda za ka tantance otal kafin ka kama wa mai keken guragu ɗaki

In za ka kama wa mai amfani da keken guragu ɗaki a otal, ko a Abuja ne ko Kano ko Kaduna, dan Allah kar ka kira risefshan ka ce "kuna da wajen masu keke?" domin amsar da za ka samu ita ce eh akwai ranka ya daɗe, kuma yaron ba ƙarya yake nufin yi maka ba, shi dai ya ga wani ɗan gangaren siminti a bakin ƙofa shikenan a ganinsa an gama. Tambayar ce ba ta yi ba. Abin da ke aiki shi ne ka sa a auna maka, a kuma ɗauko maka bidiyo.

Fara da keken kansa. Samu tef ɗin awo irin na tela ka auna faɗinsa daga wajen taya zuwa wajen ɗaya tayar, har da ƙarfen da ake turawa da hannu. Yawancin na manya suna kaiwa inci 25 zuwa 27, in mai jiki ne ya fi haka. Auna kuma tsayin mazaunin daga ƙasa, ka rubuta duka biyun a waya, da su za ka yi magana da otal.

Sai ka nemi manaja ko wani babba a risefshan, ka karɓi lambarsa ta WhatsApp, ka roƙe shi ya sa wani ya ɗauki bidiyo guda ɗaya ba yankewa, daga wajen fakin mota har cikin banɗakin ɗakin da za a ba ku, kyamarar tana kallon ƙasa. Hoto ba ya isa, saboda mai ɗaukar hoto gado da labule da talabijin zai nuna maka, kai kuma ƙasa kake son gani: ina aka zuba tsakuwa, ina kwata ta ratsa, ina intalok ya ɗaga, ina ɗan dakalin nan na inci uku da mai ƙafa ba ya ma lura ya taka shi amma yana tsayar da ƙananan tayoyin gaba cak.

Gangaren shiga, ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce duk inci 1 na tudu a ba shi inci 12 na tsawo. Wato matakala uku masu inci 6 kowacce suna buƙatar gangare mai ƙafa 18, ka ga kenan gangaren da ake liƙawa a gefen matakala mai ƙafa biyar ko shida an yi shi ne don turo akwatuna, mutum ba zai iya hawa da kansa ba, wurin saukowa kuma haɗari ne sosai musamman in an shimfiɗa masa tayil mai santsi aka yi ruwan sama. In ya zama dole a bi irinsa to a sauko da baya, mai turawa yana ƙasa yana tare keken da jikinsa.

Ni a ganina ɗakin ƙasa ya fi, ko da otal ɗin na da lifta. Dalili kowa ya san shi, wuta. Ka tambaya a fili: in NEPA ta ɗauke lifta na kan janareta? Kuma ƙarfe nawa ake kashe injin? Akwai wuraren da da rana ƙaramin inji suke kunnawa wanda ba ya ɗaukar lifta, sai mutum ya tsinci kansa a hawa na uku ba hawa ba sauka har magariba. Ga maganar gobara, Allah Ya kiyaye, in ta tashi ba a shiga lifta sam. In babu ɗaki a ƙasa to aƙalla a ba ku na kusa da matakala, kuma masu aikin dare su san lambar ɗakin, su san akwai wanda zai buƙaci a sauko da shi.

Yanzu banɗaki, nan ne ainihin inda ake gane otal ya yi ko bai yi ba, kuma nan ne mutane suke jin nauyin tambaya. Kar ka ji nauyi wallahi, wanda za ka kawo shi zai kwana da matsalar. A gine-ginenmu ƙofar ɗaki galibi ƙafa uku ce, keke na wucewa, amma ta banɗaki sai ka ga ƙafa biyu da rabi ko ƙasa da haka, in ka cire firam da kaurin ƙofar abin da ya rage ba yawa. Ka ce a buɗe ƙofar gaba ɗaya a ɗora tef a tsakani a turo hoto, abin da ake so inci 32. In ya gaza haka sai ka gwada da awon kekenku, ka bar ɗan fili saboda hannu, domin yatsun mai tura taya su ke gogar firam. Duba kuma ina ƙofar take buɗewa, in ciki take turawa a ƙaramin banɗaki to keke zai shiga amma ƙofa ba za ta rufu ba, babban mutum mai iyali ya yi uzurinsa ƙofa a buɗe, wannan ba ƙaramin cin fuska ba ne.

A ciki ana son filin da keke zai juya, kusan inci 60 tsawo da inci 60 faɗi, kuma tef ɗin tela tsawonsa kenan daidai, in an shimfiɗa shi a ƙasa ya miƙe bai taɓa komai ba to lafiya. Masai ya zama na zama, da fili a gefensa inda keke zai tsaya a zame a koma kai, da ƙarfen riƙewa da aka ɗaure a bango da kyau, ba ƙarfen rataya tawul ba, wannan ana dafa shi zai ɓalle. Baho mai zurfi ba zai yi ba, haka ɗan akwatin gilas mai dakali, shawa ake so wadda ƙasanta ɗaya da sauran banɗakin, mai tiyo da ake riƙewa a hannu. In ba su da kujerar wanka ka ce a ajiye kujerar roba mai ƙarfi mai hannu, a shimfiɗa tawul ƙarƙashin ƙafafunta saboda santsi, da ita za a yi alwala ma, sai buta da bokiti a kusa.

Gado shi ma a auna daga ƙasa zuwa saman katifa, ya zo kusa da tsayin mazaunin keken. Katifun nan masu tudu da otal-otal ke yayi suna da kyau a ido amma hawa kansu wahala ne. A bar fili a gefe ɗaya, in da tebur ko kujerar da ta tare hanya a fitar kafin ku iso.

In taro ko biki ya kawo ku, a haɗa da zauren taron da gidan abinci da masallacin otal a cikin bidiyon, sau da yawa ɗaki ya yi amma zauren yana sama ba lifta.

Wannan fa ba alfarma kake roƙo ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, kuma akwai hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman a Abuja da ake kai wa ƙorafi. Ba sai ka yi faɗa ba, ka faɗa wa manaja cikin mutunci ya san ka sani.

In komai ya yi, ka sa a rubuto maka lambar ɗakin a saƙo, ainihin wanda aka ɗauka a bidiyo, domin ɗakunan otal ɗaya ba duka suke iri ɗaya ba, ana gobe tafiya kuma ka sake kira kar a ba wani. Ranar da kuka isa mai keken ya shiga ɗakin da kansa, ya shiga banɗakin ya rufe ƙofa ya juya ya fito, sannan a biya kuɗi.