Yadda na gyara matsalar tace tasirin iska a hotunan Sentinel-2

Bayan na tace tasirin iska (wato yadda ƙura da hazon sararin sama ke sauya hasken hoto) daga hotunan gonakin rani da taurarin ɗan Adam na Sentinel-2 suka ɗauka, ƙimar NDVI (ma'aunin koren shuka da lafiyarta) ta 2022 ta faɗi ƙasa da ta 2021, alhali shukar ba ta nuna wani rauni ba. Hazon hunturu na fara zargi, amma amsar tana cikin fayil ɗin bayanan hoton. Tun ranar 25 ga Janairu 2022 hukumar ESA (hukumar sararin samaniya ta Turai) ke ƙara 1000 a kan ƙimar kowane ɗigo na hoton domin a adana ƙimomin da ke ƙasa da sifili, kuma tsohon Sen2Cor, manhajar da nake tace tasirin iskar da ita, bai san da wannan ba. Na sabunta shi zuwa 2.10, sannan na riƙa cire 1000 daga ƙimar kowane ɗigo kafin in raba da 10000 domin samun ainihin ƙimar hasken. Daga nan ƙimomin shekarun biyu suka daidaita.