Yadda za ka zaɓi lauya in za ka sayi gida a Kano

Ana yawan tambayata wannan, to ga matakan:

1. Nemi lauyan da ya saba da harkar filaye a garin.
2. Hattara: kada ka ɗauki wanda dillali ko mai gidan ya kawo maka. Nan ake yawan tafka asara.
3. Je ofishinsa da ƙafarka, ka ga hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi, NBA.
4. Ku yanke kuɗin aikinsa a rubuce.
5. Tura shi KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, ya binciki takardar mallakar. Kafin ya dawo da sakamako, ko kafin alƙalami kada ka bayar.
6. In gidan gado ne, ya tabbatar duk magada sun yarda.
7. Ya nemo maka amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada.