Yadda na raba yaran shagona da TikTok a lokacin aiki

Ana dab da Sallah ɗinki ya yi mana yawa, amma kekuna sai su yi shiru, kowa ya duƙufa kan waya. Abin da ya fi ɓata min rai, wani yaro ya ɗora hoton kayan wata amarya a sitatus tun kafin ta karɓa, ƙawayenta suka riga ta gani.

Hana waya gaba ɗaya ba zai yiwu ba, domin ta WhatsApp kwastomomi ke turo samfurin ɗinki da awo. Sai na ware waya ɗaya ta shago, na sa mata WhatsApp Business, na haɗa ta da kwamfutar da muke zanen aiki, tunda manhajar tana karɓar ƙarin na'urori har 4. Duk odar da ta shigo ana yi mata alama: sabuwa, ana kai, an gama. Babban yarona ne kaɗai ke amsawa.

Na canza lambar sirrin wayifai, na kuma kashe saukar bidiyo kai tsaye, wanda dama shi ke cinye mana data. Wayoyinsu kuwa suna cikin durowa, da ƙararsu a buɗe saboda kiran gida. Bayan azahar kowa ya ɗauki tasa ya huta har rabin awa.

Maganar hoto, na ce musu: "Ba a ɗora kayan mutum sai ya karɓa, kuma ya yarda." Sun yi gunaguni da farko, barin ma ƙaraminsu. Yanzu shi na ɗora wa ɗaukar bidiyon tallan shago.