Darasi na Shida: Tattalin Gida da Zaɓen Miji ga Macen da ba ta da Aure

Wannan darasi na matan da ba su da aure a halin yanzu ne: bazawarar da aurenta ya mutu, da wadda mijinta ya rasu ta fita takaba, da budurwar da ta girma a gaban iyayenta tana sana'a ko aikin albashi. Irin waɗannan mata suna da yawa a azuzuwan yaƙi da jahilci, kuma galibinsu su ke ciyar da kansu, wasu ma har da 'ya'ya biyu ko uku da tsohuwa a ɗaka. Za mu haɗa abubuwa biyu da ba a cika haɗa su ba, wato tafiyar da gida da kuɗi kaɗan ba tare da ɓarna ba, da kuma zaɓen miji. Dalili shi ne, sau da yawa yunwa da bashi da gorin dangi su ke tura mace gidan mutumin da ta san bai dace da ita ba. Macen da ke da hatsin wata uku a ajiye da ɗan abin hannunta tana iya ce wa manemi ya dakata a yi bincike, amma wadda ba ta san abin da za ta ɗora a murhu gobe ba, da wuya ta iya faɗin haka.

Fara da littafin lissafi

Amfanin farko da za ki ci daga karatun da kike koyo shi ne rubuta kuɗinki. Ki sami littafi mai rahusa irin na 'yan makaranta, ki ja layi biyu a kowane shafi domin ya kasu gida uku. A gida na farko ki rubuta kwanan wata, a na biyu abin da ya shigo, a na uku abin da ya fita, ko da naira 50 ce ta ashana.

A ce mace tana soya awara. Waken suya da niƙa da mai da itace da yaji sun ci naira 6,000, ta kuma yi cinikin naira 7,500. Ribarta naira 1,500 ce kawai, sauran naira 6,000 jari ne, ba nata ba ne na ci. In ta cire naira 2,500 daga cinikin ta kai kuɗin anko, to gobe waken da za ta saya ya ragu da na naira 1,000, ribar jibi ma ta ragu. Haka jari ke zagwanyewa a hannun mata masu ƙwazo, har su riƙa cewa an yi musu baki, alhali kuwa lissafi ne ba a yi ba. Bayan wata guda kina rubutawa za ki ga inda kuɗi ke tsiyaya, kuma a gidaje da yawa wuraren su ne anko da gudummawar biki da katin waya. Zumunci wajibi ne, ba mai cewa ki bar shi, amma halartar biki da atamfarki wankakkiya ba abin kunya ba ne, kuma ƙawar da za ta yi fushi don ba ki yi anko ba, ba ita za ta biya miki kuɗin haya ba.

Abin da ya yi saura ki raba shi biyu. Kashi ɗaya ki zuba adashi wurin uwar adashin da aka daɗe da sanin amanarta, ɗayan kuma ki ajiye a banki da sunanki, da lambar sirrin da ke kaɗai kika sani. Daga shekarar 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya durƙushe, wanda ba a samu a asusun gwangwani ko ƙarƙashin katifa.

Wuta da girki

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, ya kuma ja farashin itace da gawayi da gas da duk abin da ake ɗaukowa a mota. Saboda haka murhu ya zama wurin da ya fi dacewa a fara tsimi.

Murhun duwatsu uku yana zubar da yawancin zafinsa a iska. In kika kewaye shi da laka da aka cuɗa da ƙaiƙayi, kika bar ƙofa ɗaya ta sa itace da 'yar kafar fitar hayaƙi, tukunya kuma ta zauna daram a kai, za ki ga itacen da kike ƙonawa ya ragu. Ki faskara itace ƙanana, ki shanya shi ya bushe sosai, ki kuma riƙa rufe tukunya. Wake kuwa ki jiƙa shi tun da dare, domin jiƙaƙƙen wake ba ya cin wuta kamar busasshe.

Akwai wata dabara da ta cancanci kowace mace ta gwada, ita ce ƙarasa girki ba da wuta ba. Ki sami babban kwando ko kwali, ki shimfiɗa masa tsohon bargo ko tsummokara masu kauri a ƙasa da gefe. Ki tafasa jiƙaƙƙen wakenki sosai na kamar minti 20, sannan ki sauke tukunyar da murfinta ba tare da kin buɗe ba, ki sa ta cikin kwandon, ki lulluɓe ta ruf, ki ɗora matashi a sama. Zafin da ke ciki ba shi da hanyar fita, don haka shi zai ci gaba da dafa waken. Bayan awa biyu zuwa uku za ki buɗe ki tarar ya nuna luguf, bai kama ba, bai ƙone ba, ke kuma kin tafi makaranta ko kasuwa kin dawo. Shinkafa tafasar minti biyar ta ishe ta, sai ta yi kamar minti 40 a kwando. Sharaɗi ɗaya ne, kada a bar abinci ya wuni a ciki har ya huce, in kuwa ya huce to a sake tafasa shi kafin a ci.

Wannan tsimi yana da lada biyu bayan na aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu su suka fi shaƙarsa. Sannan kowane dami na itace bishiya ce aka sare a daji, a ƙasar da hamada ke matsowa ta Yobe da Jigawa da Katsina da Sakkwato. A kula ƙwarai da gawayi lokacin hunturu: kada a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Saye da kaka, ajiya da dabara

Hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada a tsakiyar damina kafin sabo ya shigo. In kwasar adashinki za ta iya faɗowa a watan Nuwamba ko Disamba, ki roƙi a ba ki wannan lokacin, ki haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku ku sayi buhun gero ko masara ku raba, ya fi awon mudu-mudu sauƙi nesa ba kusa ba. Wake ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki cika jarka mai tsabta da shi har baki, ki ɗaure murfin tamau. Ƙwarin wake suna buƙatar iska, in babu ita sai su mutu. A kan wannan hikima aka yi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ake sayarwa a shagunan kayan noma. Kada ki taɓa zuba maganin ƙwari a cikin abincin da za a ci.

Tumatir yana faɗuwa warwas da rani idan na Kura da Kadawa ya cika kasuwannin Kano. Lokacin ne za ki yanka shi ki shanya a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, ki rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, ki tanadi kauɗarki ta damina. Haka za ki yi da kuɓewa da tattasai da ganyen zogale, sai dai ganye a inuwa ake shanya shi.

Ɗanyen kayan miya kuma akwai firjin da ba ya buƙatar lantarki. Wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa shi a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan yashin ke bushewa yana tafiya da zafin ciki, sai tumatir da attaruhu da yalo su yi kwanaki masu yawa ba su ruɓe ba. Ya fi aiki da rani da bazara, lokacin da iska ke bushe.

Ruwan wanke shinkafa da na alwala ba na zubarwa ba ne. Ki cika tsohon buhu da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin awaki, ki huda gindinsa, ki shuka alayyafo ko rama ko yakuwa a gefen katanga, ki riƙa ba su wannan ruwa, ban da mai omo. Ki tafi kasuwa da kwandonki ko jakar ɗinki, domin ledar da ake jefarwa ita ke toshe kwata da damina, ita kuma awaki ke haɗiya su rame.

Idan manemi ya zo

Son aure ba abin kunya ba ne, kuma mace tana da damar ta faɗi irin mijin da take so. Wata ta fi son mai mata saboda ta ga yadda yake riƙe iyalinsa, wata ba ta iya zama da kishiya, wata ba za ta bar garin da 'ya'yanta ke karatu ba. Duk waɗannan zaɓi ne halal. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, bazawara ce mai dukiya da kasuwanci, kuma sai da ta jarraba amanar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a harkar fatauci, sannan ita ta aika da maganar aure. Shari'a ta tabbatar da cewa ba a aurar da bazawara sai ta furta yardarta da bakinta, sadaki kuma nata ne ita kaɗai. Ki sani kuma ba a neman aure a fili sai idda ta cika.

Toshi da kayan maƙulashe da ake kawowa wurin zance ba sa nuna halin mutum, domin kowa yana iya ranto kuɗin kwana biyu. Abin dubawa shi ne sallarsa, da sana'ar da aka san shi da ita, da yadda yake yi wa mahaifiyarsa, da yadda ya rabu da matansa na baya in ya taɓa aure. Mai auri-saki ba ya ɓuya, unguwarsa ta san shi. Ki sa wanki ko kawunki ko wani dattijo mai tsoron Allah ya je unguwar da masallacin da wurin aikin ya tambaya, kada a tsaya ga abokin da shi ya gabatar. Ke ma ki tambaye shi tun kafin a sa rana, cikin ladabi amma a fili: Malam, ina za mu zauna? Zan ci gaba da sana'ata da karatuna? 'Ya'yana za su zauna tare da ni, ko kuwa yaya? Abin da ya amsa a maimaita shi a gaban waliyyai, domin alkawarin zaure shi kaɗai ba shi da shaida.

Ki yi hattara da manemin da ya fara da neman rance daga jarinki, ko ya ce ki ba shi katin bankinki ya riƙe miki. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli a kan miji suke, kuma wanda ya jingina da ke tun a waje, a ciki ma haka zai yi. Manemin Facebook ko WhatsApp kuwa, muddin bai zo gida an gan shi an san asalinsa ba, ba manemi ba ne tukuna. Kada ki tura masa kuɗi, kada ki tura hoton da ba za ki so iyayenki su gani ba, kada kuma ki je ganinsa a wurin da ba kowa.

Sai gwajin lafiya, wanda bai kamata a ji nauyin maganarsa ba. Tun auren zawarawa na farko da Hukumar Hisba ta Kano ta shirya a 2012 ake gwada ma'aurata kafin a ɗaura, kuma a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin aure a jihar. Maganar sikila lissafi ce mai sauƙi. In jininki AS ne, nasa ma AS ne, wato kowannenku yana ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai SS, wato mai ciwon sikila. Duk wadda ta taɓa kwana a asibiti da yaro yana kukan ciwon ƙashi ta san nauyin wannan magana. Ki san naki tun yanzu, kafin zuciya ta kamu, kuma ku je asibitin tare ku karɓi sakamakon tare.

Aikin gida

Ki buɗe littafin lissafinki yau, ki rubuta shige da ficen kuɗinki na kwana bakwai. Ki dafa wake sau ɗaya a cikin kwando, ki lura da yawan itacen da ya rage. A shafin ƙarshe na littafin kuma ki rubuta da hannunki abubuwa uku da ba za ki yarda da aure ba sai da su, da abubuwa uku da za ki iya haƙuri da su. Ki zo da lissafin aji mako mai zuwa domin mu duba shi tare, amma shafin ƙarshe naki ne, ba sai kin nuna wa malama ba.