Babi na 4: Tura cinikin kirifto daga manhaja ta hanyar walat

Darasi na 1

'Yan uwa, ku ɗauko wayoyinku. Manhajar da kuke ciniki a kanta ba ta riƙe da kuɗinku, mabuɗin na cikin walat, wato lalitar kirifto irin su MetaMask ko Trust Wallet. Ita manhaja kamar akawu ce mai rubuta takardar cinikin fili, walat kuma shi ne yatsan da ake dangwalawa. Ku taɓa inda aka rubuta Connect. Wannan gaisuwa ce kawai, ko sisi bai fita ba tukuna.

Darasi na 2

In kun danna tura, walat zai buɗe wani ɗan shafi. Ku tsaya. Kar ku taɓa Confirm. Ku karanta tukuna, a hankali, ba wanda ke korarku. Adireshin yana farawa da 0x, haruffa da lambobi 42 ne, ku duba huɗun farko da huɗun ƙarshe ku gwada da wanda ke hannunku. Sai nawa ne zai fita. Sai kuɗin gas, ladan aikin kenan, a kan Ethereum, wato hanyar da cinikin ke bi, da kuɗinta ETH ake biya, ko USDT, kirifton da ke bin darajar dala, ya cika walat in ba ETH ciniki ba zai tashi ba.

Baba, kar ka ji kunya, sa yatsa ka bi harafi ɗaya ɗaya. Hajiya, sake dubawa, madalla.

Mu koma. Shafi ya buɗe, me za a yi? A karanta. A ajinmu na nan Ƙofar Sauri sau nawa na faɗa, amma wallahi ina juya baya sai in ji an danna, haba jama'a! Simat kwantirak da manhaja ke aiki da shi ba mutum ba ne, umarni ne da aka rubuta a bulokcen, wato kundin da ake adana duk ciniki, ba ya jin ban haƙuri, abin da ya tafi ya tafi, ba manajan banki da za ku kai wa kuka. Wani lokaci shafin sau biyu yake fitowa, na farko Approve, wato izinin taɓa kuɗinku, ku rubuta iya adadin da za ku kashe kar ku bar shi ba iyaka. Shi ma ku karanta.

Darasi na 3

In ya nuna Pending, wato cinikin bai kammala ba, ku jira, kar ku sake dannawa. Ku kwafi lambar cinikin ku duba a Etherscan, shafin da ake bibiyar cinikin Ethereum. Cinikin da ya faɗi ma yana cin gas.

Darasi na 4

Kalmomin sirri 12 ɗin nan da ake dawo da walat da su, ba a rubuta su a kowace manhaja. Ku gwada da ɗan kuɗi kaɗan a gida kafin Asabar.