Kaska da ƙuma: abin da na so a ce an gaya mini kafin na iso Ingila

'Yan uwa masu shirin tahowa daga Birnin Kebbi, Argungu ko Jega, ga wata magana da ba a faye yi muku ba. A gida kare na waje ne, yana gadi ko yana bin mafarauta. A nan cikin ɗaki yake kwana, har kan kujera, don haka ko ba ka kiwonsa ƙwarin jikinsa na iya riskar iyalinka.

Gidan hayar da muka fara shiga, ba mu cika mako ba 'yata ta fara susar idon sawunta har yana jini. Mahaifiyarta ta ce sauro ne. Ashe ƙuma ce. Wanda ya tashi daga gidan yana da kare, ƙumar ta yi ƙwai a cikin kafet, kuma 'ya'yanta na iya lafewa watanni suna jiran jinin da za su sha. Sai da muka wanke zannuwan gado da ruwa mai zafin digiri 60, muka riƙa bin kafet da injin zuƙe ƙura kullum, mai gida ya turo masu feshi. Kafin ka sa hannu a takardar haya, tambayi ko an taɓa ajiye kare ko kyanwa a gidan.

Kaska ce ta fi damuna. Mun saba ganinta ƙatuwa a kunnen saniya, a tsinke da hannu a wuce. Ta nan wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma wasunsu na ɗauke da cutar Lyme, wadda ta samo sunanta daga wani gari a Amurka inda aka fara lura da ita a 1975. Tana fakewa cikin doguwar ciyawa, musamman inda barewa ke kiwo, irin Richmond Park a Landan, ta maƙale wa kare ko yaron da ya ratsa.

In yara sun dawo daga wasa a irin wuraren nan, a duba bayan kunne, hammata da bayan gwiwa. In an ga kaska, kada a ƙona ta, kada a shafa mata mai ko kananzir. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja sama a hankali, a wanke wurin.

Alamar cutar Lyme wani zagayayyen tabo ne da ke faɗaɗa, yawanci yakan fito cikin mako 1 zuwa 4 bayan cizo. A fatarmu ba lallai ya yi ja ba, yakan yi duhu kamar wurin da aka buge. In ka gan shi, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka biyo bayan cizo, kada ka ɗauka maleriya ce ka sha abin da ka taho da shi daga gida. Je wurin likitan da ka yi rajista da shi, ko ka kira 111, lambar wayar neman shawarar lafiya, ka ce musu kaska ce ta cije ka.