Kurakuran da aka fi yi wajen canza kafasita a kayan lantarki

Idan talabijin ko allon kwamfuta ya fara jan rai kafin ya kama, ƙaramar fitilar gabansa tana ta kiftawa, amma da ya ɗumama sai ya yi aiki lafiya lau, to yawanci laifin na kafasita ne, wato ɗan abin da ke tara wuta ya riƙe ta, irin mai ruwan sinadari a ciki, wanda ke cikin gwangwanin alminiyam. Ruwan nan yana bushewa a hankali, zafi kuma shi ke gaggauta bushewarsa.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne taɓa fanel, wato allon da aka jera kayan wutar a kansa, da zarar an zare filogi. Babban kafasitan da ke bakin shigowar wuta yana riƙe da kusan 320V idan wutar 230V ce, a wasu na'urorin ma ya kai 400V, kuma yana iya riƙe ta bayan an kashe. Wasu sukan haɗa ƙafafunsa da sukudireba, a ji ƙara tas, tartsatsi ya tashi, su ce ai an sauke. Wannan yana cin ƙafar kafasitan, yana ƙona layin tagulla, wani lokaci har bakin sukudireban ya narke. A sauke wutar ta hanyar rezista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai ƙarfin ɗaukar zafi, sannan a sa mita a gani da ido cewa ta sauka kafin hannu ya kusanci wurin.

Sai kuma dogaro da ido. Kowa ya san kafasitan da ya kumbura: samansa, inda aka tsaga alamar giciye ko harafin K don ya fashe ta nan idan iska ta taru, ya tashi ya yi tudu, wani lokaci da busasshen abu mai launin ƙasa a gindinsa. Mai gyara ya canza waɗannan biyun ko ukun, na'ura ta kama, ya rufe. Bayan wata ɗaya ta dawo. Abin da ya faru shi ne, akwai wanda ya mutu bai kumbura ba. Ƙananan nan na 10µF ko 47µF (µF shi ne ma'aunin yawan wutar da kafasita ke iya tarawa) masu 50V da ke kusa da ƙaramin IC ɗin, wato cif ɗin da ke tada wuta, su ne ƙwararru a wannan: samansu a shafe, jikinsu tsaf, ciki kuwa a bushe. Ko mita ta talakawa ba ta kama su, domin tana iya nuna maka ƙimar µF daidai alhali ESR ɗinsa, wato turjiyar da ke cikinsa, ta yi sama. Wannan sai mitar ESR, wadda ke gwadawa a 100kHz. Wanda ba shi da ita, in ya ga ɗaya ya kumbura, gara ya canza duk 'yan uwansa masu suna ɗaya da ke wannan sashen, tunda zafi ɗaya suka sha, shekaru ɗaya suka yi.

Wajen zaɓen sabon kuwa ana yawan sakaci. Ƙimar µF ta zama daidai da ta tsohon. Ƙimar V ta zama daidai ko sama, ba ƙasa ba ko kaɗan; mai 25V zai zauna a gurbin mai 16V, akasin haka kuma fashewa ce. Abin da aka fi mantawa shi ne lambar zafi. Akwai mai 85°C, akwai mai 105°C, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke aiki da ita ita ce duk ragin zafi na digiri 10 yana ninka tsawon ransa sau biyu. Mai 105°C da aka rubuta masa awa 2,000, in yana aiki a 65°C, zai yi kusan awa 32,000. A sashen wuta na zamani kuma dole ya kasance mai ƙarancin ESR, in ba haka ba shi da kansa zai riƙa ɗumama kansa har ya mutu. Sunaye irin su Nichicon, Rubycon da Panasonic sun yi suna da nagarta, shi ya sa ma na jabunsu suka yi yawa, don haka suna a jikin leda ba shaida ba ce. Duk wanda ya gyara kwamfutocin farkon shekarun 2000 ya san illar mummunan ruwa: kafasitocin da aka ƙera a Taiwan da gurɓataccen haɗi sun kumbura a miliyoyin na'urori tun ba su yi rabin wa'adinsu ba.

Juya ƙafa, wato saka fozitif a gurbin negatif, abu ne mai sauƙin kaucewa. Ratsin da ke gefen kafasitan shi ne negatif, doguwar ƙafa kuma fozitif. A ɗauki hoton fanel kafin a cire komai, domin ba kowane kamfani ne ke zana alamar a fanel iri ɗaya ba.

Cirewar ma da tata matsalar. Fanel ɗin kwamfuta hawa-hawa ne, yana shanye zafi, sai mutum ya gaji ya fizge ƙafar da ƙarfi ya tsinke hanyar tagullar da ke cikin ramin. A ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwa tukuna don ta narke da wuri, a girgiza a hankali. Idan ruwan ya tsiyaya, a goge wurin da barasar goge fanel, domin yana ci gaba da cin tagulla a ƙarƙashin sabon kafasitan.

Kafin a ɗaure murfi, a duba abin da ya dafa tsohon. Fankar da ta tsaya, ƙurar da ta toshe ramukan iska, ko kafasitan da aka jingina da ƙarfen sanyaya taransisto, duk suna nan suna jiran sabon. A share ƙurar, a gyara fankar, a ɗan karkatar da sabon nesa da ƙarfen in da sarari.